Tsofaffin Jiragen Sama: Wa Ke Yanke Musu Ritaya, Wa Kuma Ke Riƙe Da Tarihinsu?

Ranar 22 ga Yulin 2020, jirgin Boeing 747 na ƙarshe da ya rage wa kamfanin Qantas ya tashi daga birnin Sidni na Ostareliya. Kafin ya miƙi hanya, matuƙansa sun yi ta karkata shi dama da hagu a saman teku, har layin tafiyarsa ya zana siffar kangaru, dabbar da ke tambarin kamfanin. Daga ƙasa babu mai iya ganin zanen. Masu bin jirgin a manhajojin bibiyar jirage ne suka ga hoton yana fitowa sannu a hankali a fuskar wayoyinsu. Tafiyar ta ƙare a hamadar Mojave ta jihar Kalifoniya, inda aka kashe injunansa. Shekararsa 17 a lokacin.

A daidai wannan lokaci, can arewacin Kanada, wasu jiragen Boeing 737-200 da suka haura shekara 40 suna sauka lafiya lau a kan titin tsakuwa, ɗauke da ma'aikatan haƙar ma'adinai. A Faransa kuwa an riga an wargaza Airbus A380 na farko da ya fara ɗaukar fasinja, bayan aikin shekara 10 kacal. Duk wanda ya haɗa labaran nan uku dole kansa ya ɗaure. In tsufa ne ke kai jirgi ritaya, me ya hana mai shekara 40 tafiya kafin mai shekara 10? In kuma ba tsufa ba ne, mene ne?

Su wane ne masu kallon jirage

Mutanen da suka fi kowa sanin amsar, in aka cire injiniyoyi da akantocin kamfanoni, su ne waɗanda ke tsayawa bayan shingen filin jirgi da kyamara da madubin hangen nesa. Sha'awarsu ita ce gane jirgi: samfurinsa, kamfanin da ya ƙera shi, mai shi, da lambar rajistar da ke rubuce kusa da jelarsa. Wasu hoto suke nema. Wasu kuma littafi gare su, burinsu su ga kowane jirgi na wani kamfani ko na wani samfuri da idonsu, su yi masa alama.

Asalin abin ba wasa ba ne. A 1925 Birtaniya ta kafa rundunar 'yan sa-kai masu lura da sararin sama, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu aikinsu shi ne bambance jirgin abokan gaba da na gida tun daga nesa, ta siffar fikafikai da ƙarar injin. Yaƙi ya ƙare, ƙwarewar ta zauna, ta koma abin sha'awa.

Lambar rajista tana farawa da harufan ƙasa: G na Birtaniya, D na Jamus, F na Faransa, N na Amurka, JA na Japan. Idan jirgi ya sauya ƙasa, lambar tana sauyawa. Abin da ba ya sauyawa shi ne lambar da masana'anta ta ba shi ranar da aka ƙera shi, kuma ita ce masu kallon ke bi. Da ita suke iya gaya maka cewa jirgin da ka gani yau da fentin wani kamfani shi ne wanda ya yi shekara 12 a hannun wani a wata nahiya, ya yi shekara 2 a ajiye a hamada, sannan ya dawo da sabon suna. Kamfanoni da hukumomi suna da waɗannan bayanai a takardunsu, amma kundin da kowa zai iya buɗewa ya duba, yawancinsa waɗannan mutane ne suka tara shi kyauta.

Suna da wuraren da suka yi suna a wajensu. Akwai ɗan filin ciyawa a Myrtle Avenue, gefen Heathrow a Landan. Akwai gaɓar Maho a tsibirin Sint Maarten, inda jirage ke wucewa dab da kan masu wanka; wurin yana da haɗarinsa, domin a 2017 iskar injin wani jirgi mai shirin tashi ta yi jifa da wata mata ta rasu. Tsofaffin hannu har yanzu suna maganar Kai Tak na Hong Kong, wanda aka rufe a 1998, inda jirgi kan yi kwana mai tsanani a tsakanin benaye kafin ya sauka.

Fasaha ta faɗaɗa da'irar. Jiragen zamani suna watsa matsayinsu da tsayinsu da gudunsu ta tsarin da ake kira ADS-B, kuma kowa na iya kama saƙon da 'yar ƙaramar na'ura. Shafin Flightradar24, wanda aka fara a Suwidin a 2006, ya ginu ne a kan dubban irin waɗannan na'urori da 'yan sa-kai suka girka a gidajensu. A Fabrairun 2022, lokacin wata guguwa mai ƙarfi a Ingila, mutum sama da 200,000 sun kalli saukar jirage a Heathrow kai tsaye a YouTube a lokaci guda.

Yadda ake auna tsufan jirgi

Injiniya ba ya fara tambayar shekara. Yana tambayar awoyin tashi, da adadin sawu. Sawu ɗaya shi ne tashi ɗaya da sauka ɗaya, kuma shi ne ma'aunin da ya fi nauyi ga gangar jikin jirgi. Dalili kuwa shi ne, idan jirgi ya haura ƙafa dubu 30 da ɗoriya, iskar waje ba ta isa numfashi, sai a matsa iska a cikinsa. Gangar jikin takan ɗan kumbura, idan ya sauko ta koma. Kamar waya ce da ake lanƙwasawa ana miƙewa: sau ɗaya ba komai, sau dubbai sai ta fara tsagewa. Wannan shi ne gajiyar ƙarfe.

Saboda haka jirgin da ke doguwar tafiya ta awa 12 sau ɗaya a rana yana iya cika shekara 25 da sawu kaɗan, alhali ƙaramin jirgi mai zirga-zirga tsakanin garuruwa sau 8 a rana ya ninka shi sau da yawa.

Darasin ya zo da tsada. Ranar 28 ga Afrilun 1988, rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sama tsakanin tsibiran Hawayi. Ma'aikaciyar jirgi ɗaya ta rasu, matuƙan suka samu suka sauke shi a tsibirin Maui. Shekararsa 19 kawai, amma ya yi sawu kusan 90,000, ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe. Bayan wannan ne Amurka ta yi dokar tsaron tsofaffin jirage a 1991, kuma a 2010 hukumarta mai kula da sufurin sama, FAA, ta wajabta wa masu ƙera manyan jirage su sa iyakar sawu ko awoyi ga kowane samfuri, wadda ba za a wuce ta ba sai an kawo sabuwar hujjar injiniya.

Sai dai jirage kaɗan ne ke kai wa wannan iyaka. Yawancinsu ana ajiye su da sauran ƙarfinsu.

Akwai kuma bambanci tsakanin kalmomi uku da labarai kan cakuɗa. Jingine jirgi shi ne a ajiye shi da niyyar dawowa: a toshe bakin injuna, a rufe tagogi, a riƙa juya tayoyi ana tayar da wasu na'urori lokaci-lokaci. Ritaya daga wani kamfani na nufin kamfanin ya sallame shi, amma wani na iya saye ya ci gaba da aiki da shi. Wargazawa ita ce ƙarshe, inda ake soke rajista a kwance shi gunduwa-gunduwa. Idan kanun labari ya ce wani kamfani ya yi bankwana da wani samfuri, galibi na biyun ake nufi.

Lissafin da ke kashe jirgi

Hukuncin ritaya a ofishin kuɗi ake yanke shi, kuma abu na farko a lissafin shi ne mai. Kuɗin mai kan cinye tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na abin da kamfanin jirgi ke kashewa, gwargwadon farashin kasuwa. Sabon samfuri kan rage shan mai da kashi 15 zuwa 25 cikin 100 idan aka kwatanta da wanda ya gada. A harkar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba, wannan tazara ita ce tsakanin ci gaba da durƙushewa. Amma tsohon jirgi ma yana da tasa hujjar: an gama biyan kuɗinsa. Shi ya sa idan mai ya yi araha tsofaffi kan ƙara kwana, idan ya yi tsada a yi ta sallamar su.

Na biyu shi ne yawan injuna, kuma a nan ne doka ta sauya kamannin sararin sama gaba ɗaya. Tun 1953 ƙa'idar Amurka ta hana jirgi mai injin biyu yin nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka idan injin ɗaya ya mutu. Ke nan tsallaka manyan tekuna aikin masu injin uku ko huɗu ne: 747, DC-10, TriStar, daga baya MD-11 da A340. Da injuna suka ƙara aminci, sai aka sassauta a ƙarƙashin tsarin ETOPS, wanda ke ba mai injin biyu izinin yin nisa fiye da haka. A 1985 aka ba da minti 120, kamfanin TWA ya fara tsallaka Atlantika da Boeing 767. A 1988 aka kai minti 180. Boeing 777 ya fara aiki a 1995 da wannan izini tun ranar farko, kuma a 2014 Airbus A350 ya samu har minti 370. Daga nan kusan babu hanyar da mai injin biyu ba zai iya bi ba, kuma babu akantan da zai yarda a ciyar da injuna huɗu a aikin da biyu za su yi. An daina ƙera A340 a 2011 bayan guda 377. An miƙa 747 na ƙarshe, na 1,574, ga kamfanin dakon kaya na Atlas Air ranar 31 ga Janairun 2023, shekara 54 bayan tashinsa na farko a Fabrairun 1969.

A380 labarinsa daban ne, domin shi ba tsufa ya yi ba, kasuwa ce ta kauce masa. Airbus ya yi hasashen cewa matafiya za su riƙa taruwa a manyan filaye, a kwashe su 500 a tashi guda zuwa wani babban fili. Boeing ya yi caca a kan akasin haka da 787, matsakaicin jirgi mai dogon zango da zai haɗa garuruwa kai tsaye. Hasashen Airbus ya yi wa Emirates daidai, wanda ya karɓi 123 daga cikin 251 da aka miƙa wa kamfanoni, amma sauran kamfanoni sun ga cika kujeru 500 kowace rana, rani da damina, ba ƙaramin aiki ba ne. Jirgin ya fara aiki da Singapore Airlines a Oktoban 2007, aka sanar da daina ƙera shi a Fabrairun 2019. Na farkon da aka ambata a sama haya ce ta shekara 10. Da wa'adin ya cika aka mayar wa masu shi, ba a samu mai ɗauka ba, sai lissafi ya nuna sassansa sun fi shi daraja.

Na uku shi ne babban garambawul. Duk bayan shekara 6 zuwa 10 akan shigar da jirgi rumfar gyara a kwance shi kusan gaba ɗaya: kujeru, ɗakunan girki, banɗakuna, bangon ciki, wani lokaci har fenti, domin a duba ƙarfen da ke ƙasa. Aikin na cin makonni da miliyoyin daloli. Ranar ritayar jirage da yawa ba ta da wani sirri, ita ce ranar da garambawul na gaba ya zo, kamfani ya auna kuɗin da sauran shekarun da za a mora, ya ga ba ta biya. Sama da rabin jiragen fasinja na duniya kuma na haya ne, don haka ƙarewar yarjejeniya kan zo ta yanke maganar.

Na huɗu shi ne ƙarar injin. Amurka ta hana manyan jirage masu tsohon matakin ƙara daga ƙarshen 1999, Tarayyar Turai ta bi baya a Afrilun 2002. Wannan ya kori yawancin 727 da DC-9 da 737-200 daga waɗannan kasuwanni, sai waɗanda aka sa wa na'urar rage ƙara. Filaye irin su Heathrow suna cajin jirgi mai ƙara fiye da mai shiru.

Korona ta gaggauta, ƙarancin sababbi ya ja birki

A Afrilun 2020 kusan kashi biyu cikin uku na jiragen fasinja na duniya suna ƙasa. Kamfanonin da suka tsara sallamar manyan jiragensu cikin shekara huɗu ko biyar suka yi ta cikin 'yan makonni. British Airways ya ajiye 747 ɗinsa 31 gaba ɗaya. KLM da Virgin Atlantic da Qantas suka yi haka. Air France ya rabu da A380, Delta ya sallami MD-88 da MD-90 a watan Yuni. Masu kallon jirage da yawa ba su samu yin bankwana ba, domin dokar kulle ta hana fita.

Abin da bai zo a lissafi ba shi ne saurin dawowar matafiya, a daidai lokacin da masana'antu suka kasa cika alkawari. An dakatar da Boeing 737 MAX daga Maris 2019 zuwa ƙarshen 2020 bayan haɗurra biyu, kuma bayan wani ɓangaren jikin ɗaya daga cikinsu ya fita a sama a Janairun 2024 hukuma ta taƙaita yawan da za a ƙera. Boeing 777X da aka sa ran fara aikinsa a 2020 ya yi ta samun jinkiri na shekaru. A 2023 kamfanin ƙera injuna na Pratt & Whitney ya gano matsala a garin ƙarfen da aka yi wasu sassan injinsa da shi, ɗaruruwan sababbin A320neo suka zauna jiran bincike.

Sai aka koma ga tsohuwar zuma. Lufthansa da Qatar Airways da Etihad suka dawo da A380 ɗin da aka ɗauka sun tafi ke nan. Lufthansa ya ci gaba da tashi da 747-400 da A340. Emirates ya zuba biliyoyin daloli wajen sabunta cikin A380 da 777 ɗinsa. A ƙarshen 2024 ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA ta ce matsakaicin shekarun jiragen duniya ya kai 14.8, mafi yawa da aka taɓa gani, ga odar jirage kusan 17,000 da ba a miƙa ba. Ke nan labarai biyun da ke ruɗa mai karatu duk gaskiya ne: wasu samfura suna ɓacewa, amma jiragen da ke sama a dunƙule tsufa suke ƙarawa.

Inda suke zuwa

Busasshiyar iska ba ta kawo tsatsa, shi ya sa wuraren ajiya suke a hamada ko kusa da ita: Victorville da Mojave a Kalifoniya, Marana a Arizona, Roswell a New Mexico, Teruel a Sifaniya, Alice Springs a tsakiyar Ostareliya. Turai na da wuraren wargazawa kamar Tarbes a Faransa da St Athan a yankin Wales. Ana kiran su maƙabartar jirage, ko da yake sunan ya yi tsauri, tunda da yawa daga cikin mazauna wurin sukan tashi su koma aiki.

Mai sa'a yakan samu rayuwa ta biyu a dakon kaya. A cire kujeru, a toshe tagogi, a ƙarfafa daɓe, a yanka babbar ƙofa a gefe. Jirgin kaya ba ya tashi awoyi da yawa a rana kamar na fasinja, don haka arahar saye ta fi tsadar mai muhimmanci. Boeing 757 da 767 da 737-800 da Airbus A330 da A321 duk suna bin wannan hanya, kuma tana iya ƙara musu shekara 15 ko fiye.

Wanda ba shi da wannan rabo, injunansa ake fara cirewa, domin su ne mafi yawan darajar tsohon jirgi. Sai ƙafafun sauka, na'urorin ɗakin matuƙi, ƙofofi, birki. Kowane sashe yana tafiya da takardar tarihinsa, kuma sashe marar takarda ba shi da maraba da ƙarfen bola. Muhimmancin wannan ya fito fili a 2023, lokacin da aka gano wani dillali a Landan yana sayar da sassan injin CFM56 da takardun bogi, kamfanoni a nahiyoyi da dama suka shiga kwance injuna suna nema. Abin da ya rage na alminiyom narkar da shi ake yi, kuma masu wannan sana'a suna cewa ana iya sake amfani da kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin jirgi. Wannan lissafi na jiragen ƙarfe ne. Rabin nauyin jikin 787 da A350 haɗin zaren kabon ne, wanda ba a narkar da shi kamar alminiyom, kuma sai a 2023 aka fara wargaza 787 na fasinja a Prestwick ta Sikotilan.

Inda ake saɓani

Tambayar da ta fi damun fasinja ita ce ko tsohon jirgi ya fi haɗari. Masana'antu da manyan hukumomi suna cewa shekaru ba su ne ma'auni ba, kula ce. Injuna da ƙafafu da na'urori ana sauya su sau da yawa a rayuwar jirgi, kuma binciken yana ƙara tsauri yayin da sawu ke ƙaruwa. Suna kuma nuni da cewa haɗurran 737 MAX na 2018 da 2019 sun faru ne da jirage 'yan watanni. Ɗaya ɓangaren ba ya musun wannan, amma yana cewa tsohon jirgi ya fi buƙatar kuɗi da ƙwararru da sa ido, kuma sau da yawa yana ƙarewa ne a hannun kamfanin da ya fi kowa ƙarancin waɗannan ukun. Shi ya sa wasu ƙasashe suka sa iyakar shekarun jirgin da za a shigo da shi. Masu sukar irin wannan doka suna cewa ta ɗauki shekara a matsayin gajeriyar hanya saboda duba takardu da rumfunan gyara ya fi wahala, kuma tana tsadar da jirgi ga ƙananan kamfanoni. Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu sun yarda a kan ƙarfe. A kan amincin mai kula da shi ne suka rabu. Iran misali ce ta yadda siyasa kan shiga ciki: takunkumi ya hana ta sababbin jirage da kayan gyara na shekaru, kuma a can ne Boeing 727 ya yi jigilar fasinja ta ƙarshe a Janairun 2019.

A batun muhalli, sufurin sama na fitar da kashi 2 da ɗoriya cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya. Kamfanoni suna gabatar da sabunta jirage a matsayin babban matakinsu, kuma hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta amince da ma'aunin hayaƙi a 2017 wanda zai hana ci gaba da ƙera samfuran da ba su cika shi ba daga 2028. Masu fafutukar muhalli suna amsawa da cewa jirgin da kamfani ɗaya ya sallama sau da yawa wani ne ke ɗauka, kuma arahar da sabon jirgi ke kawowa tana ƙara yawan tafiye-tafiye har ta cinye abin da aka rage.

Su kansu masu kallon ba a gama yarda da su ba. A Nuwamban 2001 Girka ta kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 a sansanin sojin sama na Kalamata, aka same su da laifi a 2002 kan zargin leƙen asiri, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke 13 daga cikinsu a ƙarshen shekarar. A ƙasashe da dama ɗaukar hoto a filin jirgi laifi ne har yau. A wasu filayen Birtaniya da Kanada kuwa 'yan sanda rajista suke yi musu, bisa hujjar cewa mutumin da ke tsaye a bakin shinge kowane mako shi zai fara gane baƙuwar fuska. Hotuna da lambobin da suka tara sun taimaka wa 'yan jarida da masu bincike a Turai wajen bin sawun jiragen da hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta yi jigilar fursunoni da su a ɓoye bayan 2001. Masu jiragen alfarma kuma suna ƙorafin cewa bibiyar tana tona sirrin tafiyarsu.

Abin da zai iso ga matafiyi

Fasinja zai ji sauyin ta hanyoyi da ba duka ke tafiya wuri ɗaya ba. Sababbin jirage sun fi shiru, kuma 787 da A350 suna riƙe iskar ciki daidai da tsayin ƙafa 6,000 maimakon 8,000, da ɗan ƙarin laima, abin da kan rage gajiya a doguwar tafiya. Hanyoyin kai tsaye suna ƙaruwa, domin garuruwan da ba za su cika 747 ba za su iya cika 787, ko ma A321XLR da Iberia ya fara aiki da shi a Nuwamban 2024. Amma wannan na nufin awa 8 a jirgi mai layin wucewa ɗaya. Boeing 777 da aka saba jera kujeru 9 a layi yanzu yawanci 10 ne, kuma ragin kuɗin mai ba dole ya sauko kan tikiti ba, musamman a lokacin da jirage suka yi ƙaranci, kuɗin haya da na gyara suka hau.

Ƙarancin ya fi cizon ƙananan kamfanoni. A da faɗuwar wani tashin wani ce: babban kamfani ya sallami jirgi mai shekara 15, ƙarami ya samu da araha. Yanzu manyan suna riƙe nasu, kuma injin da ya rage da sauran awoyi ya zama abin rububi, har akan wargaza jirgi mai ƙananan shekaru don injunansa kawai. Mazauna gefen filayen jirgi suna samun sauƙin ƙarar kowane jirgi, ko da yake yawan jiragen yana ƙaruwa. Matuƙa da kanikawa kuma sai sun koma aji, domin lasisin tuƙi da na gyara a kan samfuri ake ba da su. Kujerar injiniyan jirgi, mutum na uku a ɗakin matuƙi na 727 da DC-10 da 747 na farko, ta riga ta tafi tare da su.

Ga masu tsayawa bakin shinge, abin da ke raguwa shi ne bambanci. A shekarun 1980 babban fili na iya nuna maka jiragen Boeing da McDonnell Douglas da Lockheed da Fokker da British Aerospace da Tupolev a yini guda, masu injin a jela, masu uku, masu huɗu. Lockheed ya bar ƙera jiragen fasinja, Fokker ya durƙushe a 1996, Boeing ya haɗiye McDonnell Douglas a 1997. Yau kusan duk abin da ke saukowa injin biyu ne a ƙarƙashin fikafikai, sai an duba ƙarshen fiffike ko siffar taga kafin a bambance. Kamfanoni sun gane cewa wannan kewa kasuwa ce. Da kamfanin Biman na Bangaladash zai ajiye DC-10 na fasinja na ƙarshe a duniya a Fabrairun 2014, sai ya kai shi Birmingham ya sayar da tikitin shawagi ga masu sha'awa. KLM ya yi wa MD-11 irin wannan a ƙarshen shekarar. Wasu kamfanoni ma suna yanka fatar jirgin da aka wargaza ƙanana-ƙanana, su buga lambar rajistarsa a kai, su sayar a matsayin maƙalin makulli.